AMSAR WASIƘUNKU: KWANCE BABUR A GIDA

Wani mai sauraro daga Funtuwa ya rubuto cewa ya gaji tsohon babur Honda CG125, yana son ya kwance shi a zaure ya sake haɗawa kafin kaka, don kai masara kasuwa.

To Malam, ka yi sa'a. Tun 1975 aka fara ƙera wannan babur saboda ƙasashe irin namu, injinsa ba shi da rikici. Sai dai kwancewa mai sauƙi ce, wajen mayarwa ake gumi.

Fara cire wayar batir ta gefen alamar ragewa, sannan ka tsiyaye fetur da baƙin mai a waje, nesa da murhu. Sifana mai lamba 8, 10, 12 da 14 za su yi maka yawancin aikin. Kada ka sa filaya kan noti, cinye masa kai za ta yi. Kafin ka cire komai ɗauki hotonsa, musamman tarin wayoyin bayan fitilar gaba, nan mutane ke ruɗewa.

Kusoshin murfin injin fa ba tsawonsu ɗaya ba. Soke su jikin kwali yadda suke jere, don in ka ɗaure doguwa a ramin gajera, injin na iya tsagewa. Toshe ramin fulogi da tsumma mai tsabta, yashi kaɗan ya isa ya karce silinda.

Kafireta da sarƙa kana iya wankewa da kalanzir. Amma cikin injin, inda giya take, kai wa bakanike, kuma ka tafi masa da sabon gaskit.