Tsohuwar Talabijin: An Kashe Ta, Amma Wuta Na Ciki

'Yan'uwanmu mazauna Ikko, musamman masu sana'ar gwangwan da yaran da ke koyon gyaran rediyo a Agege da Idi-Araba, ga wata magana da ta shafi lafiyarku. Magana ce a kan tsohuwar talabijin mai ƙaton baya.

An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, Kaduna da Ikko suka samu tasu cikin 1962. Daga baya tsofaffin akwatuna na hannu suka riƙa shigowa daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, ana kai su kasuwar Alaba. Yanzu masu shafaffen gilashi sun ture su. Wasu masu su na neman a tayar musu da su don tunawa da zamanin iyaye, saura kuwa sai baban bola ya saye, a fasa a ciri jar waya. To, mai gyara da mai fasawa duk haɗari ɗaya ke jiransu.

A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye da masu gyara ke kira kondensa. Aikinsu tara wuta, kamar yadda randa ke tara ruwa. Wutar gida bolt 230 ce, amma babbar kondensa takan riƙe fiye da 300, kuma zare waya daga bango ba lalle ya zubar da ita ba. Kwalbar hoton ita ma kondensa ce. A talabijin mai launi ana ba ta bolt wajen 25,000 ta wata waya mai kauri da ke manne a jikinta da faifan roba, kuma takan riƙe saura kwana da kwanaki. In ta fizgi mutum, hannunsa kan daki ƙarfe, ko ya saki kwalbar ta faɗi. Da yake babu iska a cikinta, in ta fashe gilashi watsuwa yake yi, ga shi da dalma mai cutar da yara.

Saboda haka gwanin gyara ba ya sa hannu sai ya zubar da wutar ta hanyar rizista zuwa ƙarfen jikin akwatin, ya auna da mita ya tabbata. Akwatin da ya daɗe a ajiye kuwa ba a jona shi kai tsaye, domin tsufa da zafi kan busar da ruwan kondensa, da ta ji wuta sai ta kumbura ko ta fashe. Canja ta ake yi da wadda ƙarfinta bai gaza na tsohuwar ba.

Maigida kada ya bar yaronsa ya buɗe bayan akwati shi kaɗai. Mai gwangwan kuma kada ya sa guduma a kwalba, kada ya ƙona waya kusa da inda ake kwana ko girki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.