Abin da Jini Ke Gaya wa Likita Game da Mura Mai Tsanani

Yau maganarmu a kan awon jini ne, wanda a ke yi wa mutumin da mura ta sauka masa a huhu.

Kun sani mura iri iri ce. Akwai ta yau da kullum, wadda kan wuce cikin mako guda. Akwai kuma mai tsanani, kamar infuluwenza da ta zaga duniya a 1918, da korona wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta iso Legas cikin Fabrairu 2020. A irin wannan, sai ku ga mutum biyu kwance a asibiti, kowa da tari da zazzaɓi. Ɗaya zai tashi, ɗaya kuwa huhunsa zai gaza. Ido ba ya rarrabe su da wuri, amma jini yakan ba da labari. Ga abu huɗu da likita ke dubawa.

Na fari, fararen ƙwayoyin jini, watau askarawan jiki. Akwai wani irinsu, limfosait, mai yaƙi da ƙwayar cutar mura. In suka ragu ƙwarai, ciwon ya fara rinjaye.

Na biyu, wani abu da hanta ke zubawa cikin jini in jiki ya kumbura daga ciki, ana kiransa CRP. In yana hawa kullum, ciwon bai lafa ba.

Na uku, ɓurɓushin gudan jini, wanda a ke kira di-daima. Yawansa alama ce jini na daskarewa a jijiyoyi, ya kuwa iya toshe na huhu. A 2020 likitocin Wuhan sun bi labarin majinyata 191, 54 daga cikinsu suka rasu. Sun ga waɗanda wannan abu ya yi musu yawa tun ranar da aka kwantar da su, su suka fi shiga haɗari.

Na huɗu, dattin da ƙoda ke tacewa. In ya taru a jini, ƙoda ta gaji.

Kada ku ɗauka awon nan yana yanke wa mutum kwana. Rai na Allah ne. Amfaninsa shi ne likita ya san wanda zai gaggauta wa iskar oksijin, da wanda za a yi wa allurar hana daskarewar jini, da wanda za a kwana ana dubawa.

Waɗansu sukan hana a ɗibi jinin ɗan'uwansu, wai zai ƙara masa rauni. Ba haka ba ne. Jinin babban mutum ya kai lita 5, abin da a ke ɗiba kuwa bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. In an sake ɗiba gobe, don a gwada da na yau ne.

Ba a yin wannan awo a ɗakin shan magani na ƙauye. Saboda haka in babban mutum mai mura yana numfashi fiye da sau 30 a minti guda, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, ko ya fara sambatu, ko fitsarinsa ya ragu, ku kawo shi wurin malamin asibiti nan da nan. In ya ce a wuce babban asibiti, lalle ku tafi a ranar, kada ku jira kasuwa ta ci.

Allah ya ba mu lafiya, amin.