A Auna Kaya Kafin A Sayi Doki

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara lokacin yankan rake ya san yadda ake yin mazarƙwaila. A dā doki ake ɗaura wa doguwar sanda, yana kewayawa yana juya ƙarafan da ke matse raken. Yanzu a wurare da yawa inji ya karɓi aikin dokin. In kuwa haƙorin giya ya karye ana tsakiyar aiki, sai a nufi Zariya ko Panteka ta Kaduna, wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, rake yana nan yashe yana bushewa.

Shi wannan injin sassaƙa tebur gare shi, wanda ake ɗaure ƙarfe a kai, makaniki yana murɗa hannu yana tura shi gaba da baya a ƙarƙashin wuƙa mai juyawa. Ana iya cire hannuwan nan a sa kwamfuta ta riƙa tura teburin. An fara nuna haka a shekarar 1952 a makarantar MIT ta Amurka, inda aka gyara wani injin Cincinnati ya riƙa karɓar umurni daga takarda mai huji-huji. A maimakon kowane hannu akan sa wani ɗan injin lantarki da ake kira sarbo. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta bawa, domin yana juyawa daidai yadda aka umurce shi, yana kuma gaya wa kwamfuta inda ya kai. To, wanda zai yi wannan gyara, tambayar da iyayenmu ke yi kafin su shiga kasuwar dawaki ita ce a gabansa, watau wane ƙarfi aikin ke bukata?

Abu uku ake aunawa. Na fari ƙarfin murɗa. Teburin yana tafiya ne bisa wata sanda mai murɗi irin na noti. Mu ɗauka kowane juyi ɗaya na sandar yana matsar da tebur milimita 5, wuƙa kuwa tana tokare shi da ƙarfin niyutan 2,000, watau kamar nauyin kilo 200. A ninka 2,000 da mita 0.005, a sami 10. A raba da 6.28, a sami 1.6. A ƙara abin da gogayya ke ci, ya zama kusan niyutan-mita 1.8. Wannan lissafi na sanda mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne, wadda ba ta ɓarnar fiye da kashi ɗaya cikin goma. Tsohuwar sandar da injin ya zo da ita takan cinye fiye da rabin ƙarfin, ga ta da lakwa-lakwa, don haka ita ake fara canjawa.

Na biyu sauri. Sarbo mai wat 400 da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana ba da niyutan-mita 1.27, bai kai 1.8 ba. Mai garaje sai ya ce a sayo mai wat 750, wanda ke ba da kusan 2.4, watau ƙarfin doki ɗaya ke nan, gama ma'aunin da James Watt ya kafa wat 746 ne. Amma mai lissafi sai ya sa bel da fuli, yadda sarbon zai juya sau biyu sanda ta juya sau ɗaya. Nan take ƙarfin ƙaramin ya koma 2.5, tebur kuma yana iya cin mita bakwai da rabi a minti, abin da ya ishi tsohon inji har da saura. Masu rake sun riga mu sanin wannan dabara: tsawon sanda ke sa doki guda ya juya abin da ƙato goma ba su iyawa.

Na uku nauyin tashi da tsayawa. Amalanke cike da rake yana da wuyar tasarwa, yana da wuyar tsayarwa. Haka tebur da sandarsa. In nauyin juyinsu ya rinjayi na sarbon fiye da kamar sau goma, sai ya riƙa wuce inda aka ce ya tsaya, yana rawa, aiki ya fito da zane-zane. Bel ɗin nan na biyu bisa ɗaya yana rage wannan nauyi har sau huɗu.

Akwai gargaɗi biyu. Sarbo yakan iya ba da kamar ninki uku na ƙarfinsa, amma na ɗan lokaci kaɗan. Lalle mai saye ya dubi ƙarfin da yake iya wuni da shi, ya kuma bar rarar kamar sulusi. Sa'an nan wanda ke ɗaga kan injin sama da ƙasa tilas ya zama mai birki, domin in an ɗauke wuta, sanda mai ƙwallaye ba ta riƙe nauyi, kan yana iya saukowa bisa aiki, ko bisa hannun yaron shago.

Ƙaramin sarbo zai yi zafi ya tsaya a tsakiyar yanka, ƙarfen mutane ya lalace. Wanda ya wuce kima kuma kuɗi ne aka zubar, in ya yi karo kuwa sai ya lanƙwasa sanda. Daidai ruwa daidai tsaki.

Malamai, ku duba, duk lissafin nan bai wuce ninkawa da rabawa ba. Muna roƙonku, in kun zo darasin kewayen da'ira, ku kai yara inda ake matse rake ko niƙa hatsi, su auna fuli biyu da zare, su ƙirga juyin kowanne. Akawuna kuma, in an kawo muku takardar sayen inji, ku nemi a rubuta nauyin aikin da zai yi kafin a rubuta kuɗinsa. Allah ya sa mu gane, amin.