Wa Ke da Gawon da Ke Tsakiyar Gona?

A ƙasar Maraɗi da Damagaram, in ka tambayi dattijo abin da ya cinye itatuwan gonaki, zai ce maka fari. An sha farin 1973 da na 1984, ba musu. Amma kafin fari ya iso gatari ya riga ya yi aikinsa, kuma haraji da doka ne suka miƙa gatarin.

Turawan Faransa kuɗi suke karɓa a haraji. Gero yana cika rumbu, amma gyaɗa ce ke kawo kuɗi, domin masana'antun mai na Faransa na neman ta. Samun 'yanci a 1960 bai sauya wannan ba: gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da gyaɗa, kuma da ita ƙasar ta dogara har yuraniyom na Arlit ya sha gabanta cikin shekarun 1970. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Malaman gona na koyar da cewa gona ta gari ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Ita kuwa gyaɗa tuge ta ake yi, a kwashe harawa a kai gida, a bar ƙasa fayau ga iskar hunturu.

Dokar daji ta ƙara dagula lamarin. Tun zamanin Turawa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma suke, dokar 1974 kuma ta ɗora a kan haka. Manomi ya sare reshe a gonar da ya gada daga kakansa, jami'in gandun daji ya ci shi tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Da tsiro ya leƙo sai a kai masa fartanya tun yana ƙarami.

A farkon shekarun 1980 wani masanin gona ɗan Ostireliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan nan da ransu, saiwarsu na nan a ƙasa. Aikin ba wuya: a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, a datse sauran, a riƙa yi masa aski yana tashi. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. A ganina dabarar kaɗai ba za ta isa ba. Farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sanyi, sintirin jami'ai ya ragu, sai manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne. Daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara masa haƙƙi. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5, alhali gangamin dashen da aka zuba wa kuɗi yawancin tsiransa mutuwa suka yi.

Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Mata sun rage dogon zuwa itace. Sai dai abin da ya yi daraja yana jawo ɓarawo da rigima, shi ya sa a Ɗan Saga, ta wajen Agiye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki, masu sa ido kan sara da yanke tara.