Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa wa Mai Sayen Tsohuwar Mota

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya shafe shekaru yana haɗa ta. Ita da Mercedes W123, wadda ta fito kasuwa a 1976, yau sun zama kayan marmari. Masu sha'awa na neman su, dillalai kuma na yi musu kirari. Ga maganganun da mai saye ya fi ji, da matsayin kowace.

"Dubi fenti, kamar yau ta fito daga kamfani." Jita-jita. Fenti shi ne abu mafi sauƙin sabuntawa, kuma shi ne mafi iya rufa asiri. Mai gyaran bodi na ƙwarai yakan yanke ƙarfen da tsatsa ta ci, ya yi walda da sabo. Mai gaggawa kuwa fila yake laftawa, ya goge, ya fesa fenti, bayan damina ɗaya ko biyu wurin ya kumbura. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle, ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka fitar da safaya ka duba gindin but, ka leƙa wuraren da ake kafa jak. Ka lura da ratar ƙofofi: idan ta dama ta fi ta hagu faɗi, mai yiwuwa motar ta taɓa hatsari. Wanda ya yi gyaran gaskiya yana da hotunan aikin tun ƙarfe na tsirara, da rasiɗan kayan da ya saya.

"Kilomita dubu arba'in kawai ta yi." Ba hujja ba ce. Yawancin motocin wancan zamani agogonsu na inji ne, ana iya juya shi ko a musanya shi, wasu kuma lambobi biyar gare su, suna komawa sifili bayan 99,999. Robar burki da ta kuloci, sitiyari da kujerar direba sun fi agogo faɗar gaskiya.

"Wani dattijo ne ya ajiye ta, ba a hawa." Ko da gaskiya ne, ba albishir ba ne. Motar da ta daɗe a tsaye robobinta kan bushe, burki ya cije, tankin mai ya yi tsatsa daga ciki, ɓeraye su ci wayoyi. Duba tayoyin ma: tun 2000, lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta.

"Motar Arewa ba ta tsatsa." Rabin gaskiya. Busasshiyar iskar Kano ko Damagaram ta fi ta bakin teku sauƙi ga ƙarfe. Amma rana na fasa dashbod da robobin gilashi, ruwan damina ya shiga ta nan ya kwanta a ƙasa. Wadda aka shigo da ita daga Turai kuwa tana iya zuwa da tsatsar gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara.

"A tayar da inji yana sanyi." Gaskiya. Ka taɓa injin kafin a kunna, domin ɗumi na ɓoye wahalar tashi da ƙara. Hayaƙi shuɗi daga salansa na nufin tana cin baƙin mai. Farin da ya ƙi yankewa, ko farin kumfa a murfin baƙin mai, na iya nuna ruwa na shiga inji.

"Komai nata na asali ne." Wannan ana iya tabbatarwa. Ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke takardu, harafi bayan harafi. Alamar walda ko gurza a kewayen lambar dalili ne na fasa ciniki.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da rana tsaka, da makanikinka wanda ba shi da rabo a la'ada, a ɗora motar a kan rami a duba ƙarƙashinta. Mai sayarwar da ya hana ka wannan, ka riƙe kuɗinka.