Ƙugin Lasifika: Laifin Wuta Ne Ko Na Waya?

Shirinmu na yau ya leƙa Lamashegu a birnin Tamale, inda ba a raba masallaci da gidan biki da lasifika. Sau da yawa, tun ladan bai buɗe baki ba, sai a ji ƙugi mai kauri ya cika unguwa. Wasu su ce wutar kamfanin lantarki na NEDCo ce, wasu su ce amfilifaya ta tsufa. Galibi kuwa matsalar tana jikin wayar makirufo.

Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk doguwar wayar da ta ratsa kusa da ita sai ta kwashi wannan kaɗawa. Abin da makirufo ke fitarwa kuwa ɗan mitsitsi ne, don haka amfilifaya takan kumbura murya da ƙugi tare. Maganin shi ne waya mai haƙori uku, wato XLR. A cikinta akwai siraran wayoyi biyu a murɗe da juna, suna ɗauke da murya a kishiyance: idan wannan ta hau, waccan ta sauka. Ƙugin kuwa daidai wa daida yake shigar su. Amfilifaya mai auna bambanci sai ta ɗebe ɗaya daga ɗaya. Kamar sikeli ne mai faranti biyu: ka ƙara nauyi iri ɗaya a kowane gefe, ba zai motsa ba. Abin da wayoyin suka yi tarayya a kai ya ɓace, abin da suka saɓa a kai, wato murya, ya fito fes. Injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar irin wannan dabara a 1936, kuma da ita na'urar auna bugun zuciya a asibiti ke tsamo siginar da ba ta wuce kusan milibolt 1 ba.

Wani zai ce wayar tana da tsada, kuma mai araha ma tana aiki. A gajeren zango, haka ne. Amma daga mumbari zuwa ɗakin na'ura, araha ba ta ado. Wani kuma ya ce ya saya, ƙugin bai tafi ba. To, a duba: idan dalma ta saki a haƙori ɗaya, ko amfilifayar ba mai auna bambanci ba ce, daidaiton ya rushe. Don haka, 'yan kwamitin masallaci, kafin ku tara kuɗin sabuwar na'ura, ku sa mai gyara ya buɗe kan wayar tukuna.