Magani a Cikin Farin Ƙwai: Labarin Laifes da Kolastarol

A shekarar 1956, wani likita mai suna Moshe Wolman tare da abokan aikinsa biyu a birnin Ƙudus suka ba da rahoton wani jariri da ya rasu yana ɗan watanni kaɗan. Jaririn ya yi fama da amai da gudawa, cikinsa ya kumbura, ya kuma ƙi girma duk da shayarwar da ake yi masa. Da aka binciki gawarsa, sai aka tarar hanta da saifa da hanji duk sun cika da maiƙo, ƙullutun nan biyu da ke saman ƙoda kuwa sun ƙandare da sinadarin kalsiyam. Wannan ita ce cutar da aka sa wa sunan Wolman. Sai a 1969 wasu masana biyu a Landan, Patrick da Lake, suka gano musabbabinta: rashin wani enzayim guda ɗaya tak.

Enzayim wani furotin ne da ke hanzarta aikin sinadarai a cikin jiki, kuma kowanne da irin aikinsa. Waɗanda ke farfasa maiƙo su ake kira laifes. Akwai laifes da ke narkar da man abinci a hanji, akwai kuma wanda ke aiki a cikin jini. Amma wanda ya shafi wannan labari yana zaune ne a cikin ƙwayar halitta, a wata 'yar jaka da ake kira laisosom, wadda Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano a 1955. Cikin jakar nan akwai tsami, kuma a cikin tsamin ne kaɗai wannan laifes yake iya aiki sosai.

To, mene ne haɗinsa da kolastarol? Sau da yawa akan ɗauki kolastarol tamkar guba, alhali kuwa jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina fatar kowace ƙwayar halitta, daga gare shi ake yin ruwan matsarmama da bitamin D da wasu sinadaran balaga. Da yake maiƙo ba ya narkewa a ruwa, jini yakan ɗauke shi ne a cikin wasu ƙananan ƙunshi, irin su LDL, yana ɗaure da wani maiƙon. Michael Brown da Joseph Goldstein na birnin Dalas a Amurka ne suka bayyana yadda ƙwayar halitta ke cafke ƙunshin LDL ta haɗiye shi, ta tura shi cikin laisosom. Wannan bincike ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. A cikin laisosom, laifes ne ke kwance ɗaurin, ya saki kolastarol ɗin. Da zarar ya fito, ƙwayar halitta takan gane cewa ta samu abin da ya ishe ta, sai ta rage ƙera nata.

Idan babu laifes, sai al'amari ya rikice. Ƙunshi yana ta shiga, ba mai kwancewa. Jakunkuna su cika su kumbura, ita kuwa ƙwayar halitta ba ta ga kolastarol ɗin da ke kulle ba, don haka sai ta ci gaba da ƙera wani. Ga rumbu cike da hatsi, ga masu gida suna kukan yunwa saboda makulli ya ɓace. Jariran da ba su da enzayim ɗin gaba ɗaya ba safai suke kai shekara guda ba. Masu ɗan ragowarsa kuwa sukan girma, amma hantarsu tana lalacewa sannu a hankali, kolastarol ya yi yawa a jininsu tun suna yara.

Cutar ta gado ce. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin wannan laifes, mai suna LIPA, tana kan kuromosom na 10. Hanyar gadonta iri ɗaya ce da ta cutar sikila: sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da uba duka biyu. Idan iyaye biyu suna ɗauke da ita ba tare da ciwo ba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa irin waɗannan cututtuka suka fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Dabarar magani a fili take: a samo enzayim ɗin a ba majiyyaci. Wahalar ita ce inda za a samo shi. Tun 1982 ake sayar da insulin na ɗan Adam wanda aka sa bakteriya suka ƙera. Sai dai laifes na buƙatar wasu sarƙoƙin sukari a jikinsa, waɗanda su ne shaidar da ƙwayar halitta ke dubawa kafin ta shigar da shi laisosom, bakteriya kuwa ba sa iya liƙa su. Saboda haka masanan kamfanin Synageva na Amurka suka juya ga kaza. Suka dasa ƙwayar gadon ɗan Adam a cikin kaji, ta yadda kazar za ta riƙa zuba laifes a farin ƙwanta. Daga nan ake tace shi a tsarkake shi. Ana tsare waɗannan kaji a killace, ba a cin namansu ko ƙwansu. Abin mamaki, gwaiduwar ƙwai ta shahara da yawan kolastarol, ga shi farin ya zama gidan maganinsa.

Sunan maganin sebelipase alfa, ana sayar da shi da sunan Kanuma. Tarayyar Turai da hukumar abinci da magunguna ta Amurka sun amince da shi a 2015. A gwajin da aka yi wa jarirai 9, shida sun kai shekara guda a raye. A cikin jarirai 21 masu irin wannan hali da aka duba tarihinsu, waɗanda ba su samu maganin ba, babu wanda ya wuce wata takwas. Wani gwajin da aka yi wa yara da manya 66 ya nuna raguwar LDL a jini da raguwar maiƙo a hanta.

Duk da haka, maganin ba ya kawar da cutar daga tushe. Ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, jarirai kowane mako, manya bayan mako biyu-biyu, har tsawon rayuwa. Jikin wasu yakan yi tawaye da shi, musamman waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu, ga kuma tsada mai yawa. Haka nan ba magani ba ne ga yawan kolastarol na yau da kullum, wanda abinci da rashin motsa jiki da wasu dalilan gado ke haddasawa.

Babban ƙalubalen da ya rage shi ne gane cutar da wuri. Amai da gudawa da rama a jikin jariri alamu ne da cututtuka da dama ke nunawa. Ɗigon jini da aka busar a kan takarda ya isa a auna ƙarfin laifes, amma sai likita ya yi zargin cutar kafin ya nemi gwajin. Ga jaririn da ke da watanni kaɗan a gaba, wannan zargin shi ne matakin farko na ceto.